Awon Man Shokazoba a Rumfar Kawu

A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, wato 1987, baburan garin Daura ba su fi ƙarfin a san masu su ba. Kafin babur ya karyo kwana, yaran unguwa sun riga sun faɗi na malam wane ne, daga jin kukansa kawai. Yawancinsu na ma'aikata ne: malaman firamare da suka ci bashin babur a zamanin UPE, malaman gona, malaman asibiti, da ma'aikatan ƙaramar hukuma waɗanda dattawa ba su daina kira 'yan En'e ba. Honda ce da Yamaha da Suzuki, sai Vespa ta masu ƙwalisa. Wasu tun kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 aka saye su, kuma babu alamar za a canza su, domin tun da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP a 1986 naira ta kama gangara, sabon babur ya fi ƙarfin albashi. Kowa ya rungumi tsohonsa, bakanike kuma ya zama mutumin da ake tsayawa a gaisa da shi hannu biyu.

A wannan shekarar ce mahaifiyata ta damƙa ni a hannun ƙanenta, don kada yamma ta riƙa samuna a bakin titi bayan an tashi daga makaranta. Rumfar Kawu ta langa-langa ce, a gindin wani bedi, gefen hanyar da ta fita zuwa Kwangwalam. Aikina wanke sassa da kananzir, miƙa sifana, da bugun famfo. Abu ɗaya na fi sauran yaran rumfa da shi, ina iya haɗa baƙin boko in karanta Turanci, shi ya sa Kawu yake kirana ɗan boko, wani lokaci da yabo, wani lokaci da zolaya.

Ilimin rumfa a lokacin duk a kan inji ya taru: fulogi, kafireta, fistin da ring, kuloci, sarƙa. Shokazobar gaba ba mai buɗe ta sai ta fara yoyo, yoyon ma sai ya yi tsanani. Da fari mai babur zai yagi tsumma ya ɗaure a ƙafar da ke zuba, don kada mai ya ɓata masa wando. Tsumman ya jiƙe, ya kwashi ƙura, ya riƙa gogar ƙarfen mai sheƙi a kowane hawa da sauka har ya ƙarce shi. In abin ya kai ga kwancewa, a canza sil, a ɗauko gwangwanin madara a ɗebi baƙin mai a tuttula, a leƙa da ido a ce ya isa. Wanda aljihunsa ya bushe, da man da aka juye daga injinsa ake cika masa. Maganar da ke bakin kowa ita ce, mai ai mai ne.

Wanda ya sa aka sauya wannan hali a rumfarmu wani malamin asibiti ne, mai yawon allurar rigakafi a ƙauyukan Baure da Zango. Yakan ɗaura akwatin sanyi a bayan Hondarsa tun da asuba, ya bi burji da rairayi da labi, sai la'asar sakaliya ya shigo gari fari fat da ƙura. Wata rana da sanyin hunturu ya jingine babur a bakin rumfa ransa a ɓace.

"Maigida, tayoyin yanzu ba su da albarka. Ta biyu ke nan, daga Kano na aika aka sayo mini, dubi yadda ta koma."

Kawu ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan tayar gaba yana juya wilin a hankali. Tayar ba ta suɗe ba, zanenta yana nan da sauransa, amma ta ci tudu da kwari: nan ya loɓa, nan ya taso, haka har ta zagayo. Ya miƙe ya damƙe birkin gaba, ya danna kan babur da ƙarfi ya saki. Gaban ya nutse, ya yi tsalle ya dawo, ya sake nutsewa, yana ta reto kafin ya tsaya.

"Allah gafarta Malam, ruwa ba ya tsami banza. Taya ɗaya tana iya zuwa da aibinta. Biyu su ci iri ɗaya, to mai cin su yana jikin babur."

Da aka kwance ƙafafun, ta hagu 'yan ɗigo kawai ta tsiyayo. Ta dama kuwa ta amayo wani abu toka-toka mai kauri da wari, wanda wani bakanike a wani gari ya taɓa ɗura mata. Kawu ya kai hannu ga gwangwanin madara kamar yadda aka saba, sai malamin ya ce a dakata. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani littafin gyaran babur da ya sha hannu, ya ce tun da ya sayi mashin ɗin yake ajiye da shi bai taɓa bin ta kansa ba. Aka ce ɗan boko ya matso. Na bi shafukan da yatsa har na iso kan ƙafafun gaba, na karanto musu abu biyu da babu wanda ya taɓa ji a rumfar. Na farko, kowace ƙafa tana da adadin man da aka ƙayyade mata, a rubuce da lamba. Na biyu, man da aka ambata ba baƙin mai ba ne, jan man nan ne na giyar mota mai canza kanta, wanda ake rubuta wa ATF a jikin gwangwani. Littattafan Honda da yawa na shekarun 1970 shi suke cewa a zuba.

Kawu ya yi shiru, sannan ya aiki babban yaronsa tasha wajen masu kayan mota. Malamin asibiti ya ce in dai awo ne ai sana'arsa ce, ya zaro babban sirinji sabo a leda ya miƙa. Ranar aka auna wa kowace ƙafa rabonta daidai da 'yar'uwarta. Da aka ɗaura, Kawu ya sake damƙe birki ya danna. Gaban ya sauka, ya taso sau ɗaya, ya tsaya cak.

Kawu ba mutum ba ne da zai karɓi magana don kawai an buga ta a takarda. Washegari ya tono wata matacciyar ƙafa daga tulin ƙarafa, ya wargaza ta a kan buhu, ya tara mu. Ga bututun sama mai sheƙi, ga kuben ƙasa da yake shiga ciki ya fita, ga sifirin, ga sil mai hana mai fita, ga robar da ke tare ƙura. A can ƙasa kuma akwai wani siririn bututu mai 'yan huji-huji a jikinsa, wanda muka saba wankewa mu mayar ba tare da mun tambayi amfaninsa ba. Kawu ya ɗaga shi ya leƙa rana ta cikin hujin, ya ce to ga sirrin. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, amma ba shi da haƙuri, in an danne shi sai ya rama. Mai shi ke ba shi haƙuri. Duk lokacin da taya ta daki tudu, sai an matso man ta waɗannan ƙofofi, kuma jinkirin wucewarsa shi ke hana gaban babur tsalle. Ya ce mu tuna matacin gidajenmu: koko yana zurarewa nan take, kunu mai kauri sai an yi jira. In mai ya cika ruwa-ruwa ko ya ƙare, taya ta riƙa tsalle-tsalle tana barin ƙasa tana dawowa, inda ta dira ya ci, inda ta tsallake ya saura. In ya cika kauri, ƙafar ba ta samun zarafin lanƙwashewa a kan gargada, sai dukan ya wuce kai tsaye zuwa taya da wuyan hannun mai tuƙi.

Don ya tabbatar wa kansa, ya huda gindin gwangwanin madarar nan da ƙusa, ya ari agogon wani mai jiran gyara. A cika gwangwani da mai, a cire yatsa, a duba lokacin da zai ɗauka kafin ya tsiyaye. Jan man ya wuce ya bar baƙin mai a baya da nisa. Da safiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari ana jin ɗumi a bakin wuta, baƙin man sai ya riƙa saukowa da ƙyar. Da bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, muka sake gwadawa, duka biyun suka saki, amma tazarar tana nan. Daga baya, da na ci gaba da karatu, na tarar masu ilimin mai suna da ma'aunin kauri da suke rubuta wa cSt, ana auna shi a zafin digiri 40. A wannan ma'auni jan man giya yana wajen 35, baƙin mai irin 20W-50 kuwa ya ninka shi huɗu ko fiye. Abin da agogon aro ya nuna wa Kawu ke nan.

Sirinji ma bai daɗe yana mulki shi kaɗai ba. Kawu ya lura wani lokaci a zuba wa ƙafafu biyu mai daidai wa daida, amma ɗaya ta fi ɗaya tauri. Dalili shi ne tsohon mai ba ya fita duka, yana maƙalewa a cikin siririn bututun da gindin kube, kuma abin da ya saura a wannan ba shi ne ya saura a waccan ba. Sai ya koma auna tsayin man maimakon yawansa. A cire sifirin, a tsayar da ƙafar a miƙe, a zuba mai, a yi ta jan bututun sama da ƙasa har kumfa ta daina tasowa, sannan a danne shi ya kai ƙarshe, a auna daga bakin bututu zuwa inda mai ya tsaya. Da farko da wayar wili muke yi, wadda aka yi wa alama da zarto. Daga baya malamin asibitin nan ya kawo robar ƙarin ruwa, aka yanka daidai tsayin da ake so aka maƙala a bakin sirinji. A zuba mai ya ɗan haura, a zura robar, a zuƙe rarar har sirinji ya fara jan iska. Yaron da ya shigo rumfa jiya ma zai iya daidaita ƙafa biyu da wannan dabara.

Sararin da ake bari a saman mai ba banza ba ne. Iskar da ke wurin tana matsewa idan ƙafa ta nutse, ta zama sifirin na biyu mai ƙara tauri a ƙarshen tafiya. A cika mai ya yi yawa, iskar ta rasa wurin zama, gaban ya sandare, matsin ya nemi hanya ta wajen sil ya fasa shi. A rage ya yi kaɗan, babur ya faɗa rami ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe, man kuma ya cakuɗe da iska ya zama kumfa, ya daina riƙe komai. Duk wannan rigimar a kan ɗan abu ne, domin a ƙananan baburan da muke hawa, abin da ƙafa ɗaya take sha bai kai mililita 200 ba.

Tun daga lokacin, duk babur ɗin da aka kawo, ko da kukan inji aka zo da shi, sai Kawu ya shafa tayar gaba kafin ya taɓa sifana. Ya koya mana karanta ta. In tsakiya ya suɗe gefe da gefe suna nan, iska ta yi yawa. Wannan ya fi kowanne yawa a garinmu, domin mai faci da yatsa yake ƙwanƙwasa taya ya ce ta yi, mai babur kuma gani yake tauri shi ne ƙarfi, alhali yawancin ƙananan babura abin da tayar gabansu take so bai wuce wajen 25 a geji ba. In kafaɗu biyun ne suka ci suka bar tsakiya, iska ta yi kaɗan. Mutanen ƙauyukan rairayi sun saba sace iska don taya ta baje ta hau yashi, dabara ce mai kyau, sai dai in sun hau kwalta ba sa mayarwa. In gefe ɗaya ne ya ci, a tambayi mai babur yaushe ya faɗi, domin galibi ƙafafun sun murɗe a wuya ko ɗaya ta lanƙwashe, ko kuma an ja sarƙa an bar wilin baya a karkace. In wuri ɗaya tak ya loɓa, rim ya lotsa ko birki yana kamawa a waje guda.

Cin tudu da kwari ma bai yarda a ɗora wa mai laifin kai tsaye ba. Yakan ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A duba iska. A ɗaga gaban a girgiza wili a ji ko boris ya yi sako-sako. A juya kai hagu da dama a ji ko boris ɗin wuya yana cijewa a tsakiya. A bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya. Sai an gama da waɗannan sannan a zo kan shokazoba. Ya kuma san cewa taya mai manyan haƙora, in mai ita ya cika taka birkin gaba a kwalta, tana ɗan yin wannan cin ko da komai lafiya lau. Na ga ranar da ya mayar wa wani ɗan kasuwa kuɗin mai da sil, ya ce ƙafafunsa ba abin da ya same su, ya je ya sa a auna masa iska.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 sai ruwan babura ya sauko. Jincheng, Qlink, Haojue, Lifan da roba-roba suka cika gari, 'yan kasuwar Nnewi suna shigo da su da kayan gyaransu, dilolin Kano suna rarrabawa. Siyasa ta dawo a 1999, rabon babura ya zama abin da ake yi a kowane taro. Matasan da a da sai dai keke suka zama 'yan acaɓa. Aikin babur ma ya sauya. Malamin makaranta shi da littattafansa kawai yake ɗauka, amma ranar Lahadi in ka tsaya a hanyar kasuwar Mai'aduwa za ka ga buhun gero biyu da mai shi a sama, ko akuya uku a cikin kwando, ko magidanci da iyalinsa gaba ɗaya. Daga tsallaken iyaka ma, mutanen Matamai da Magarya suna shigowa da nasu. Akwai masu jera jarkoki har a kan tanki, su ɗaure igiya a jikin ƙafafun gaba, igiyar ta ci ƙarfen, ƙarfen ya yanka sil.

A wannan zamanin ne awo ya kusa ɓacewa. Sababbin ƙafafu biyu a kwali sun yi arahar da wanda ya zo da yoyo sai ya ce a canza gaba ɗaya, ba shi da lokacin jira. Rumfuna suka yawaita, yaro ya yi wata shida a gaban maigida ya buɗe tasa, ya iya cirewa da ɗaurawa, bai taɓa ganin cikin kube ba. Akwai kuma wani dalili da na daɗe kafin in gane shi. Yawancin 'yan acaɓa ba su ne masu baburan ba, balas suke kaiwa kullum da dare. Fetur da faci da juyen baƙin mai suna wuyan mai tuƙi, taya da babban gyara suna wuyan mai babur. Man shokazoba ya faɗa tsakani, ba na kowa ba. Mai tuƙi ba zai ajiye aikin rabin yini don tattalin tayar da ba shi zai saya ba, mai babur kuma ba ya hawa balle ya ji kai yana rawa. Sai dai ya ga taya ta ci, ya zagi kamfani, ya zagi yaro, ya sake saya.

Abin da ba na mantawa a wannan tsakanin shi ne wani yaro ɗan unguwarmu, mai ladabi, wanda Kawu ya tsayar a bakin rumfa ana jibi Sallar Gani. Ya kawo babur a wanke a liƙa masa ado saboda baƙin da za su cika gari kallon hawa. Kawu ya nuna masa yadda mai ya bi ƙafar ya gangara har kan murfin birki.

"Ɗan nan, bar shi ya kwana. Man nan in ya shiga birki, ka rasa birki."

"Baba, a yi mini haƙuri sai bayan Gani. Yanzu ne ake samu."

Bayan kwana biyu aka kawo babur ɗin a bayan a-kori-kura. Jaki ne ya gifta masa a hanyar Sandamu, ya matse birkin gaba bai kama ba, ya taka na baya babur ya zame. Allah ya kiyaye rai, amma ya karye a ƙafa, ya yi damina guda a hannun mai ɗori. Da muka buɗe birkin, takalmansa sun jiƙe sharkaf da mai. Kawu bai ce uffan ba. Ya ajiye su a kan tebur, duk wanda ya zo da tsumma a ƙafar babur ya miƙa masa ya ce ya shafa.

A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero. 'Yan ƙasar Daura da yawa da suke neman abinci a can suka dawo gida da baburansu. A shekarun ne kuma Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta mamaye hanyoyin ƙauye, saboda juriya da ƙarancin shan mai. Bayan 2015, da ɗan garin ya zama shugaban ƙasa, tituna suka samu gyara, makarantu da ma'aikatu suka ƙaru, gudu ya ƙaru. Rairayi yana rufa wa babur asiri, sabuwar kwalta ba ta yi. Tayar da ta ci tudu da kwari, wadda a burji ba a jin ta, a kan shimfiɗaɗɗen titi sai ta kama gurnani, kai ya riƙa karkarwa a hannu. Mutane suka fara zuwa rumfa da ƙorafin da a da ba su san suna da shi ba. Lokacin Kawu ya manyanta, idonsa ya yi rauni, babban yaronsa ne ke riƙe da wurin, shi kuma yana zaune a kan benci yana sa baki. Ni na riga na zama malamin makaranta, amma yamma ba ta cika wucewa ban leƙa ba.

Da aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, aka kuma hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka a watan Nuwamba, nauyin ya ƙara komawa kan babur. Mutumin Kwangwalam da zai ba injin niƙansa ko na ban-ruwa mai sai ya yi tafiya ya nemo, ta hanyoyin da ba a yi su don gudu ba. Sil ya riƙa fashewa, taya ta riƙa ƙarewa. Sannan aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira ta sake faɗuwa, farashin taya da na sababbin ƙafafu ya yi tashin gwauron zabi. Abin da SAP ya koya wa iyaye sai ga 'ya'ya suna koyonsa. Wanda a da zai ce a cire a jefar, yanzu tambaya yake ko za ta gyaru.

Yau akwai man da aka yi musamman don shokazoba a shagunan kayan babur, da lambobi a jiki, 5W, 10W, 15W, har 20W. Yaran rumfa suna duba adadin da kowane babur yake sha a wayoyinsu. Abin da nake ƙara musu shi ne lambar nan ba ta da alƙawari tsakanin kamfani da kamfani, 10W na wannan yana iya zama daidai da 15W na wancan, don haka wanda ya samu irin da ya karɓe shi ya tsaya a kansa. Ga mai hawa shi kaɗai a cikin gari, 10W ko jan man giya ya wadatar. Mai dakon kaya a gargada da zafin bazara yana iya matsawa zuwa 15W, amma kauri ba ya maye gurbin sifirin da ya gaji, kuma ba ya rage nauyin buhu. Man birki kada a kusance shi, yana kumbura roba ya kashe sil. Wanda zai sayi taya kuma ya nemi lambobi huɗun nan na gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, domin tayar da ta daɗe a ajiye a zafin shago tana tsattsagewa kafin zanenta ya ƙare. Dokar Kawu ta juye man sau ɗaya a shekara bayan damina, ɗan acaɓa kuma sau biyu, har yanzu ban ga abin da ya rushe ta ba.

Kawu ya rasu kafin wannan tsadar ta baya-bayan nan, Allah ya jiƙansa. Bara da kaka wasu 'yan acaɓa na tashar bakin kasuwa suka zo rumfar su uku da gorar mai lita ɗaya da suka yi karo-karo suka saya, domin sun lissafa ta ishi baburansu duka. Biyu daga cikinsu na balas suke ja, kuma sun shawo kan masu baburan sun yafe musu kuɗin rabin yini, bayan sun kai musu tsohuwar taya har gida sun sa sun shafa da hannunsu. Ƙaramin cikinsu ya tsaya a kan yaron da ke aikin, ya ce shi bai yarda da ido ba, a auna masa tsayin man a gabansa, ƙafa da ƙafa. Aka auna, ya ciro biro ya rubuta lambar a cikin murfin akwatin sifanarsa, ya ce in shekara ta zagayo ba sai an sake yin musu ba.